Kwana uku a gidan tsohon maigidana, a ƙasar jajayen duwatsu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, gilashin motar a sauke yake. Mun baro Las Vegas kusan awa ɗaya da rabi ke nan, yanzu muna ratsa kwazazzabon kogin Virgin, wani ɗan lungu na jihar Arizona ta Amurka kafin a faɗa jihar Yuta. Garin St. George za ni, wurin wani dattijo da na yi aiki a ƙarƙashinsa shekara shida a Minisota. Baba nake ce masa, matarsa kuma Mama. Da ya yi ritaya sai ya ce shi da sheburin kwashe ƙanƙara haihata-haihata, suka tattara suka dawo inda rana take.

To ga mu mun iso. Bari in juya kyamara ku ga bayan gidan. Wallahi ban ƙara wa hoton nan kala ba, haka dutsen yake, ja wur kamar an kwaɓa shi da manja. Baba ya ce asalinsa tudun rairayi ne da ya daskare tun shekara miliyan 180 da suka wuce, jan kuma tsatsar ƙarfen da ke cikinsa ce. Na ce ashe dai ɗan'uwan marmararmu ne ta gida, girma kawai ya fi ta.

Ga ɗakin da aka sauke ni. Ku dubi bangon nan, kun ga ɗan salatif da aka manna aka zana kibiya a kai? Alƙibla ce. Baba ne ya bincika a waya tun kafin in zo. Kuma ku lura, ba gabas ta nuna ba, arewa maso gabas ce, har ta fi karkata arewa. Wanda ya tashi yana jin “fuskanci gabas” sai ya ɗan yi jim kafin ya ta da kabbara.

Mutanen gidan nan mabiya cocin da aka fi sani da Mormon ne, kodayake tun 2018 shugabanninsu suka ce a daina kiran su haka, a riƙa faɗin cikakken sunan cocin. Ba sa shan giya, ba sa shan taba, har nan dai mun daidaita. Amma fa ba sa shan kofi, ba sa shan shayi. Shayi, jama'a! Mama, Allah ya saka mata, ta sayo mini kwalin Lipton, sai dai gidan ko butar dafa ruwa babu. A kofi ta ɗumama ruwan, ta tsoma ganyen sau biyu ta cire da sauri kamar mai tsoron ya cije ta. Abin da ta miƙo mini, da mai shayin Tudun Wada ya gani sai ya yi kuka. Na shanye tas, na ce madalla.

Yau Asabar. Na fito alwalar asuba ina sanɗa don kada in tashe su, sai ga Baba a kicin, ya riga ya sha kwat da laktaye, da 'yar jakarsa ta fararen kaya a hannu. Aikin sa-kai zai je a haikalinsu, sau biyu a mako yake zuwa, ko sisi ba a biyan sa. Muka dubi juna, ni hannun riga a naɗe, shi makullin mota a hannu, muka yi dariya ƙasa-ƙasa, kowa ya kama gabansa.

Ga haikalin can, fari fat a tsakiyar jan gari. A 1877 aka buɗe shi, shi ne na farko da suka kammala a Yuta. Garin kansa a 1861 aka kafa shi, lokacin da shugabansu Brigham Young ya turo iyalai sama da 300 su zo su noma auduga a wannan ƙeƙasasshen wuri. Filin ginin ya zo musu da dausayi, sai suka riƙa zuba baƙin dutse suna daddage shi da tsohuwar igwa a madadin guduma. Ginin ma da jan dutsen nan aka yi shi, farin shafe ne kawai. Ni iyakata harabar waje, wanda ba ɗan cocin ba ba ya shiga, su ma sai mai takardar izini. Ban ji haushi ba. Mu ma muna da inda ba kowa ke takawa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a gidan nan kalandar da ke jikin firji ce. Ku matso ku gani, babu gidan da ba a cike ba. Talata haikali. Laraba Mama tana zama gaban kwamfuta tana tono sunayen kakannin kakanni a FamilySearch, shafin intanet na cocinsu na binciken asalin dangi. Alhamis kai abinci gidan wata gwauruwa da aka yi wa aikin ƙugu. Na ce Baba, kai da ka ce hutu ka zo yi? Ya ce ai da yana aiki ya fi samun barci.

Sai na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, bayan ya bar aikin reluwe a Zariya. Tabarma a ƙofar masallaci, carbi, rediyo. Daga nan ake ɗaukar sa ɗaurin aure, daga nan jana'iza, daga nan sulhun maƙwabta. Bai taɓa rubuta ko ɗaya a kalanda ba, mutane ne ke zuwa su same shi. A unguwar nan kuwa na zauna a baranda awa biyu, ban ga mai tafiya da ƙafa ba sai wata mata da karenta. Mota ta shigo, ƙofar gareji ta rufe, shi ke nan. Ni a ganina in ba don cocin nan ba, tsofaffin nan sai su yi mako ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Lahadi kuma ta faɗo ta farkon wata, ranar azuminsu. Suna tsallake abinci biyu, ba ci ba sha, kuɗin abincin su ba da shi don mabuƙata, ban da kashi ɗaya cikin goma na samunsu da suke bayarwa kullum. Sun tafi coci awa biyu, ni na zauna gida. Mama ta bar mini ƙwai da burodi a rufe, amma cin abinci a gidan masu azumi da nauyi, rabi na iya ci. Da yamma aka buɗe baki da wani gasasshen dankali mai cuku da suke kira dankalin jana'iza, don shi ake kaiwa gidan makoki. Da naman alade aka saba haɗa shi, saboda ni ta gasa kaza. A nan ne Baba ya ce suna da haikali a Aba tun 2005, ko kusa da gidanmu ne? Na ce Baba, daga Zariya zuwa Aba sai ka wuni cur a mota, ƙila ma dare ya same ka.

Yanzu muna Snow Canyon, wani kwazazzabo kusa da garin, kuma kada “Snow” ɗin da ke cikin sunan ya ruɗe ku, ba ƙanƙara ake nufi ba, sunan wasu magabatansu ne. La'asar ta yi, ga rairayi mai laushi, na shimfiɗa rigar sanyina. Baba, riƙe mini kyamarar, a'a, kada ka danna jan maɓallin nan. Gobe in Allah ya kai mu sai gandun daji na Zion, amma kafin mu kama hanya sai na tsaya kanti na sayi buta.