Me Ya Sa Mai Sola a Ingila Ke Cajin Motarsa da Tsakar Dare?

Ku dubi wannan gida da kyau. Farantan sola sun rufe rabin rufinsa, akwai batir a jikin bangon gareji, rana kuma ta take, amma motar da ke ƙofar gida, wadda ba ta shan fetur sai lantarki, tana nan jone da waya ba ta jan komai. Mai gidan ya saita ta ne ta jira sai ƙarfe 11:30 na dare kafin ta fara caji. Tun da irin wannan hoto ya fara yawo, tambayar da masu kallo suka fi aiko mana ita ce: wane irin wauta ne mutum ya bar wutar kyauta da rana, ya koma yana sayen ta kamfani da dare?

Kafin mu amsa, sai mu ɗan bi ta kan yadda kasuwar take, da sauri. A Najeriya layin da ya ratsa unguwarka ne ke yanke maka rukuni, shi ya sa lokacin da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai farashin rukunin Band A naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ba wanda aka tambaya ko yana so. A Birtaniya kuwa mutum ne ke zaɓen kamfanin da zai sayar masa da wuta, da kuma tsarin farashin da zai bi. Hukumar Ofgem, mai kula da kasuwar wuta a can, tana sa iyaka ga farashin tsarin da aka saba, tana sabunta shi duk wata uku. A watanni ukun ƙarshe na 2024 iyakar ta kasance kusan peni 24.5 a kan yunit, ban da kusan peni 61 da ake cira kullum ko ka kunna fitila ko ba ka kunna ba. Peni ɗari ne fam ɗaya.

Rahusar dare ba sabon abu ba ce a can, domin tun ƙarshen shekarun 1970 akwai tsarin Economy 7 mai ba da awa bakwai na wuta mai araha. Abin da ya sauya shi ne mitar zamani, wadda kuke gani yanzu, mai aika lissafi duk rabin awa. Da ita ne kamfanoni irin su Octopus Energy suka fito da tsare-tsare na masu motar lantarki, inda a 2024 yunit ɗin dare, daga 11:30 zuwa 5:30 na asuba, ya sauko wajen peni 7. Ta ɗaya ɓangaren kuma, tun 1 ga Janairun 2020 doka ta wajabta wa manyan kamfanoni, masu abokan ciniki 150,000 zuwa sama, su sayi rarar wutar da farantan gidaje ke turawa babban layi. Dokar ba ta yanka farashi ba, ta dai ce kada ya zama sifiri. A shekarar 2024 an sami tsarin da ke biyan peni 15 a kan kowane yunit da ka tura.

To, ku riƙe waɗannan lambobi biyu, 7 da 15, domin a nan ne mafi yawan mutane ke ɓata lissafi.

Kuskuren yana cikin kalmar "kyauta". Manomin da ya cika rumbu bai sayi geronsa a kasuwa ba, amma idan mudu yana da tsada ranar kasuwa, duk mudun da aka daka a gidansa kuɗi ne da ya haƙura da shi. Da a ce akwai mai kawo masa irin wannan geron har ƙofar gida da dare a kan rabin farashi, ai ba sai an gaya masa ba zai kai nasa kasuwa ya ci na dare. Haka wutar rufin gidan nan take. Ranar da kamfani ya amince zai saye ta a kan peni 15, ta daina zama kyauta, kuma duk yunit ɗin da aka zuba wa mota da rana ya ci wa mai gida peni 15 da ba za su shigo aljihunsa ba.

Mu ɗauka motar tana buƙatar yunit 10, wanda zai kai ta kamar mil 30 zuwa 40. Idan aka ba ta daga rufi da azahar, ba a biya kowa komai ba, ba a kuma karɓi komai ba, lissafi ya tsaya a sifiri. Idan kuwa aka tura yunit 10 ɗin nan babban layi, kamfani zai biya fam 1 da peni 50. Da dare motar ta ja yunit 10 a kan peni 70. Abin da ya rage a hannu peni 80 ne, motar kuma ta wayi gari da cajinta yadda ake so. Ku tsaya a kan wannan allo na ɗan lokaci, ku sake bin lambobin da kanku. Ni kaina da na fara jin maganar sai da na ɗauko takarda da biro, domin zuciya ba ta son yarda cewa sayen wuta zai fi amfani da wadda Allah ya saukar a kan rufi.

Batirin gida ma haka yake, sai dai shi yana da nasa harajin. Idan ka zuba masa yunit 10, abin da zai dawo maka bai cika wuce 9 ba, saura ya tafi a zafi da aikin inbata. Wato yunit ɗin dare na peni 7 yana komawa kusan peni 8 kafin ya iso tukunyar girki. Duk da haka peni 8 bai kai 15 ba, bare kuma farashin yamma da ya haura peni 24. Saboda haka masu wannan tsari ke cika batir da dare, su ci daga cikinsa da yini, su bar rufi ya yi ta sayar da abin da ya samu.

Amma kada wani ya kashe bidiyon nan ya ruga ya sauya saiti, domin duk wannan lissafi ya rataya ne a kan cewa farashin sayarwa ya fi na sayen dare. Akwai kamfanonin da abin da suke biya bai kai peni 5 ba, kuma mai irin wannan yarjejeniya lissafinsa ya juye: gara ya zuba wutar rufinsa a mota da batir da tukunyar ruwan zafi da ya ba da ita a kan wannan kuɗi. Farashin nan kuma ba ya zama wuri ɗaya, lambobin 2024 misali ne kawai, sai kowa ya duba takardar kamfaninsa ta yau. Dokar ta ba ka damar saya a wajen wani kamfani ka sayar wa wani, sai dai farashi mai tsoka galibi ana ajiye shi ne ga wanda ya haɗa biyun a wuri ɗaya. Haka kuma tsarin mai rahusar dare yakan ɗan ɗaga farashin rana, don haka gidan da ba shi da batir, kuma yara na gida duk yini, yana iya mayar da ribar dare da hannun hagu.

Wanda ba shi da mota yana da tsare-tsare irin su Octopus Flux, mai araha daga ƙarfe 2 zuwa 5 na asuba, mai tsada daga 4 zuwa 7 na yamma, inda kuma a waɗannan awa ukun na yamma ne ya fi biyan mai turo wuta. Akwai kuma Agile, wanda farashinsa ke sauyawa duk rabin awa, ana sanar da na gobe tun yammacin yau. A ganina wannan sai mai haƙurin duba waya kullum, ko wanda na'urarsa ke yi masa.

Hoton da ke gabanku yanzu rufin nan ne a watan Disamba, ƙarfe huɗu na yamma, gari ya riga ya yi duhu. A wannan wata farantan ba su samar da abin da zai ishi gidan, bare a yi maganar sayarwa, batir da rahusar dare ne ke ɗauke da nauyi. Idan da hannu kuka saita awannin caji a jikin inbata, ku tuna cewa agogon Birtaniya yana matsawa da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, kuma ba kowace na'ura ce ke bin sa da kanta ba. Washegarin sauyin, ku buɗe manhajar ku tabbatar cewa batirin bai fara jan wuta awa ɗaya kafin rahusa ta shiga ba.