Kafin Ka Sayi Sabon Madabod, Ka San Firosesan da Ke Hannunka

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Malamai, 'yan'uwa masu sana'a, da ku ƙannena da kuke koyon gyara, barkanmu da warhaka. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne wani yaro da ya zo shagona da akwatin kwamfutar maigidansa a ka. Madabod ɗinta, wato babban faifan da ake jona duk kayan cikin kwamfuta a kansa (bod a taƙaice), ya ƙone, an ba shi kuɗi ya sayo wani, ya ɗora firosesan, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya zauna daram, ya kunna: fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Ya canza ram (ma'ajiyar wucin-gadi ta kwamfuta), ya canza waya, har firosesan ya fara zargi. Alhali kowanne lafiyarsa lau, jininsu ne bai haɗu ba. Na tausaya masa ƙwarai, domin mai kaya ya ƙi karɓa, kuɗin kuma ba nasa ba ne.

Firosesan nan Core i5-8400 ne na kamfanin Intel, ɗan zubi na takwas. Bod ɗin da ya sayo kuwa mai cifset H110 ne, na jerin 100; cifset shi ne ɗan cif ɗin da ke jikin bod mai haɗa firosesa da sauran kayan. Dukansu an rubuta musu LGA 1151, wato sunan soket, ramin da firosesa ke zama a jikin bod. Ku riƙe wannan lamba, don ta ci kuɗin mutane da yawa. Intel ta fito da soket ɗin a 2015 saboda firosesanta na zubi na shida, na bakwai ma ya hau kansa, a kan cifset na jerin 100 da 200. Da zubi na takwas ya zo a 2017, sai aka bar sunan da yawan ƙafafun yadda suke, amma aka sauya aikin wasu ƙafafun, aka ce sai cifset na jerin 300, irin su H310, B360 da Z370. Saboda haka firosesan zai shiga ramin ba gardama, amma ba zai tashi ba. Haka nan in ka ɗauki i5-6500, ɗan zubi na shida, ka sa a bod mai B360. Shiga rami daban, aiki daban.

To ta ina za ka fara? Ta karanta sunan firosesan dukansa, kada ka tsaya a "i5 ne". I5 nawa ne a duniya? In injin yana tashi, manhajar CPU-Z za ta nuna maka sunansa da soket ɗinsa da sunan bod ɗin. In ya mutu, cire fanka, goge man da ke bayan firosesan, rubutun yana nan a jikin ƙarfen. A Intel, lambar da ke biye da i5 ko i7 ita ke gaya maka zubi: 3470 na uku ne, yana hawa LGA 1155, 4570 na huɗu ne, LGA 1150. Waɗannan biyun girmansu ɗaya, amma tsagar gefensu ba wuri ɗaya take ba. In ka ga bai kwanta da kansa ba, don Allah kada ka danna. A tsarin LGA ƙafafun suna jikin bod, sirara kamar gashi, in suka lanƙwashe ka shiga uku. Zubi na goma da na sha ɗaya LGA 1200 ne, na sha biyu zuwa sha huɗu LGA 1700.

AMD ta ɗan sauƙaƙa wa mutane, soket ɗinta AM4 ya ɗauki firosesanta na Ryzen tun daga jerin 1000 har 5000. Sai dai nan ma akwai tarko, kuma shi ne nake so mu daɗe a kansa: BIOS. Wannan ƙaramar manhaja da ke zaune a cikin bod ita ke fara gane firosesa kafin Windows ya san an kunna. Bod mai cifset B450 da aka ƙera a 2018 bai san Ryzen 5 5600 ba, domin lokacin ba a haife shi ba, sai an sabunta masa BIOS. Shi ya sa nake roƙonku ku saba da abu guda. Duk bod ɗin da za ku saya, ASUS ne, Gigabyte ne, MSI ko ASRock, ku shiga shafin kamfanin a intanet, ku rubuta lambar bod ɗin daidai, ku buɗe jerin firosesan da yake ɗauka. A gaban kowane suna za ku ga lambar BIOS ɗin da ake buƙata. Minti biyar ne a wayarku kuna tsaye gaban mai kaya. Ni na fi yarda da wannan jeri a kan rantsuwar kowa, ba don ina tuhumar 'yan kasuwa ba, sau da yawa su ma sunan soket kawai suka duba.

In sabuntawa ta kama, yawanci sai ka nemi tsohon firosesan da bod ɗin ya sani, ka tashe shi da shi, sannan ka yi. Wasu bod ɗin suna da maɓalli a baya da ke karɓar BIOS daga filashi ko babu firosesa. Amma ku ji ni da kyau: kada ku fara wannan aiki kuna dogaro da wutar NEPA. In ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, bod zai iya sumewa. Ku jona shi a UPS ko inbata mai caji.

Sauran na gudu a kansu. Ram: DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, bod ɗin LGA 1700 kuma akwai mai DDR4 akwai mai DDR5, AM5 kuwa, soket ɗin AMD da ya biyo bayan AM4, DDR5 kaɗai. Firosesan Intel da sunansa ya ƙare da F, kamar i5-9400F, ba shi da hoto a cikinsa, sai da katin hoto, ko da bod ɗin yana da kafar HDMI. Windows ma yakan nemi a sake tabbatar da lasisinsa bayan canjin bod, ku faɗa wa mai kwamfutar tun kafin ku kwance.

Na'am, ɗan'uwa, ɗaga murya. Yana tambaya a kan tokumbo na ofis, irin HP da Dell da suka cika kasuwanninmu. Tambaya mai kyau. Da yawansu ba su bi tsarin gama-gari ba: wayar wutarsu ba mai baki 24 ba ce, wata mai shida ce wata mai takwas, ramukan kusoshi da wayar maɓallin gaba ma nasu ne. Ga waɗannan, ka nemi bod mai lambar kaya iri ɗaya da wanda ka cire, tana jikin 'yar takardar da aka manna masa. Laftof kuwa, mafi yawan na yanzu an narka firosesan a jikin bod, canza ɗaya canza duka ne.

Ga bod uku da firosesa uku na ajiye a kan teburin nan. Ku taso biyar-biyar, kowa ya fito da wayarsa, ku gaya mini wanne ne zai tashi da wanne. Kada wanda ya taɓa cikin soket da yatsa.