Aikin Mishan a Kumasi: Gini da Safe, Karatu da Yamma

Jama'a, barkanku da kallo. Daga Kumasi ta ƙasar Ghana nake yi muku magana, a gefen unguwar Aboabo, inda mishan ɗinmu yake gina ajujuwa, yake kuma koya wa manya karatu da rubutu. Ni mutumin Wusasa ne, don haka na tashi ina ganin coci da makaranta da asibiti a wuri guda. A nan ma tsarin ba baƙo ba ne, domin tun 1896 wani Bature mai suna Ramseyer na mishan ɗin Basel ya kafa tasharsa a garin nan, kuma cocin da ke ɗauke da sunansa yana nan a unguwar Adum.

Abin da kuke gani a bayana shi ne aikin safe. Da zarar an gama addu'ar asuba, sai mu sha koko da ƙosai, birkiloli su hau jera bulo, mu kuma mu ɗebo ruwa mu kwaɓa siminti. Damina biyu ake yi a Kumasi, saboda haka kullum kafinta cikin ƙorafi yake a kawo kwanon rufi kafin ruwa ya dawo.

Masu aiko mana da gudummawa hoton gini suke so, amma a ganina ainihin aikin yana ajin yamma. Yawancin ɗalibanmu mata ne 'yan kasuwa, wasu masu sayar da wake da shinkafa, wasu kuma 'yan matan da suka sauko daga arewacin Ghana suna dakon kaya a kasuwar Kejetia. Ba su zo don takardar shaida ba. Wata dattijuwa ta ce mini, "Malam, so nake in karanta saƙon kuɗin da ke shigowa wayata ba sai na miƙa wa yaro ba." Tun daga nan darasinmu ya koma kan lambobi, da sunan mutum, da katin asibiti, da rubuta bashi a littafi. Akwai kuma wahalar da littattafan da muka zo da su daga Najeriya suka haifar, domin Hausar Zango, wato unguwannin masu jin Hausa irin su Aboabo, ba ta cika bambanta ƙ da k ko ɗ da d ba, kuma ta sha Turanci da harshen Asante. Dole muka riƙa tsara darasi da bakin da suke magana da shi. Waɗanda suka yi makarantar allo, su kam hannunsu ya riga ya saba da alƙalami, abin da ya rage musu shi ne juya rubutu daga hagu zuwa dama.

Mutanen Zango galibi Musulmi ne, kuma ba mu ɓoye musu cewa mu Kirista ne ba. Kafin a haƙa harsashi sai da muka je gaisuwa wurin dattawa da limamin unguwa, aka yi magana a fili: ajin karatu na karatu ne, mai son jin wa'azi ya san hanyar coci. Ana fara darasi bayan la'asar, a tashi kafin magariba, ranar Juma'a kuma babu aji. A watan azumi mukan mayar da shi hantsi.

Yanzu zan ajiye kyamara, domin Hajiyoyin sun fara isowa, kuma sun roƙa kada a ɗauki fuskokinsu.