Minti Uku Kafin a Kashe Fitila

Iyayena da 'yan'uwana, barkanmu da yamma. Na can baya kuna jina? To madalla. An ce in yi magana a kan zaman yau da kullum a makarantar kwana ta 'yan maza ta Katolika, da dokokinta. Na yi ɗalibta a irin wannan makaranta, daga baya na koma ina kula da ɗakin kwanan yara, saboda haka abin da ido ya gani zan faɗa. Abu huɗu na shirya: ƙararrawa, shiru, hukunci, sai ziyarar iyaye.

Na farko, ƙararrawa. Yaron makarantar kwana ba ya bukatar agogo. Ita ke tashe shi tun da duhu-duhu, ta kai shi wanka, ta kai shi coci, ta kai shi aji, ɗakin cin abinci, shara, wasa, karatun dare, har ta mayar da shi gado. Amma akwai bugu ɗaya da ya fita daban, na addu'ar Anjelus, ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma. A buga uku a dakata, uku a dakata, uku a dakata. Duk inda ta riske ka, nan za ka tsaya cak, ko da bokitin ruwa ne a kanka. Na taɓa ganin ƙwallo ta gangara a hankali ta shige raga, mai tsaron gida na tsaye ya haɗe hannu yana addu'a. Ana cewa Amin gardama ta kaure, ci ne ko ba ci ba ne. (dariya) Har muka gama makarantar ba a raba wannan gardama ba.

Na biyu, shiru. Daga addu'ar dare har gari ya waye ba a magana. Wannan tsohuwar al'ada ce ta gidajen sufaye. Waliyyi Benedik, a ƙarni na 6 a Italiya, ya sa a dokarsa cewa bayan addu'ar ƙarshe kada wanda ya sake buɗe baki, makarantu kuma suka ɗauka daga can. To amma kafin shirun ya sauka akwai wani ɗan abu da ake yi, 'yar maganar dare da Fada ke yi wa yara, kuma gaskiya shi ya kawo ni nan yau. Ku yi mini haƙuri in na daɗe a kansa.

Akwai wani Fada ɗan Italiya, Don Bosko. An haife shi a 1815, ya rasu a 1888. A birnin Turin ya yi aikinsa, lokacin da samari ke kwarara daga ƙauyuka neman aikin leburanci, wasu na kwana a titi, wasu na ƙarewa a kurkuku. A 1846 ya samu wata rumfa a unguwar Baldoko yana tara su. Mahaifiyarsa, Margarita, ta baro ƙauye ta zo tana taya shi. Ana ba da labarin cewa yaron farko da suka ba wurin kwana, maraya ne da ruwan sama ya jiƙa sharkaf, kafin ya kwanta tsohuwar nan ta zauna ta yi masa 'yar nasiha. Daga nan maganar dare ta samo asali. Uwa ce ta fara ta. Iyaye mata, kun ji ko? Uwa ce.

A 1877 ya rubuta ɗan bayani a kan tsarinsa, wanda ya kira tsarin riga-kafi. Mu ma ai mun san riga-kafi ya fi magani. Ƙafa uku ya ɗora shi a kai, kamar murhu: hankali, addini da ƙauna. A ciki ya ce kowane dare bayan addu'a shugaba ya yi wa yara magana a kan abin da ya faru a ranar, kada ta wuce minti biyu zuwa uku. Minti uku fa! Ba wa'azi ba ne. Namu Fada yakan tsaya a bakin baranda, mu kuma cikin kayan barci, wasu na gyangyaɗi a tsaye. Sai ya ce, "Yau na ga wani ya wanke wa maras lafiya kayansa, bai san ina kallo ba. Ba zan faɗi sunansa ba. Sai da safe, 'ya'yana." Shi ke nan. Kowa ya kwanta yana tunanin wane ne.

Kuma ta yaya ya gani? Nan ne gizo ke saƙa. Ya gani ne domin yana cikinmu. Don Bosko ya ce a bar yara su yi tsalle, su yi gudu, su yi ihu iya son ransu, amma babba ya kasance a tsakiyarsu. Namu Fada in lokacin wasa ya yi, sai ya tattare farar rigarsa ya soke a ɗamara, ya shigo fili. Yaron da zai ci zalin ƙarami, in ya waiga ya ga Fada na neman a ba shi fasin, ai hannunsa zai sauka da kansa. Dokar tana nan a manne a allo, amma mutumin da ke fili shi ke ba ta rai.

Bari in ba ku nawa. Zangona na farko, kewar gida ta hana ni barci. In an kashe fitila sai in ja bargo in rufe kai in yi ta kuka a ɓoye. Wani dare ya zo zagaye da tocila, ya tsaya dab da gadona. Bai ce uffan ba, lokacin shiru ne, shi ma dokar ta hau kansa. Ya ɗan daɗe a tsaye ya wuce. Washegari a fili ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Na sani. Zo ka riƙe mini usur ɗin nan." Tun daga ranar ni ke ɗaukar usur. A wasiƙar da Don Bosko ya aiko daga Roma a 1884 ya ce son yara kaɗai bai isa ba, sai su da kansu sun san ana son su. Ni dai da usur aka sanar da ni.

To na uku... ko na uku ne na gama? A'a, hukunci. Ina ganin mai gabatarwa na nuna mini agogo. A taƙaice: latti, fita ba izini, magana bayan kashe fitila, gadon da ba a gyara ba, waɗannan yankan ciyawa ne ko hana fita. Sata da tsallake katanga, a kira iyaye, wani lokaci kora. Ziyara kuwa tana da ranarta, ku zo a ranar, kada ku aiko wani. Sai maganar firfet... Na'am, Mama? A miƙa mata abin magana.

Wata uwa: Malam, sannu da ƙoƙari. Amma ɗana ya dawo hutu da shatin bulala a baya. Siniyoyi ne suka yi masa, kuma ya roƙe ni kada in faɗa. Ina Fadan yake lokacin?

Mama, Allah ya ba ki haƙuri. Ba zan kare abin da bai cancanci kariya ba. Ni ma na ga irin wannan, har na kai ƙara, aka ce ai haka ake zama namiji. Ƙarya ne. Cikin wancan rubutu na 1877 Don Bosko ya hana duka kowane iri, ya hana jan kunne, ya hana sa yaro durƙuson azaba. In an hana malami, ina ga yaro ɗan shekara goma sha shida? Kuma ba siniyoyi kaɗai ba. A ƙasar Ailan, rahoton Ryan na 2009 ya tona duka da lalata da aka yi wa yara shekara da shekaru a gidajen da ƙungiyoyin addini ke gudanarwa. Manya ne suka yi, wasu manyan suka rufe. Shirun dare na addu'a ne, Mama, ba na ɓoye ɓarna ba ne. Kuma babban da na ce ya zauna cikin yara, a sarari nake nufi, ƙofa a buɗe, kowa na ganinsa.

Abin da za ki yi, ki je da kanki, kada ki tsaya a ofis. Ki daidaici lokacin wasa, ki duba ina malamai suke, cikin fili ko ƙarƙashin bishiya suna hira. Ki tambaya wa ke zagaye da dare, su nawa ne, kuma yaro in an cuce shi wurin wa zai je ba tare da ya bi ta hannun firfet ba. In suka fara kame-kame, kin samu amsarki. Shi kuma yaron ki gaya masa tukuna cewa za ki je, kada ya ji daga sama.

Mai gabatarwa, na ga hannunka, na tsaya. Mama, kada ki tafi in an tashi, ina so in ji ajinsa nawa.