Yaron da Ke Jan Sandar Makaho, a Wane Aji Yake?

Masu sauraro, assalamu alaikum.

A ranar 30 ga Janairun 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Jamhuriyar Nijar ta kawar da cutar makantar kogi. Ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kai ga wannan, ta biyar a duniya bayan Kolombiya da Ekwado da Meziko da Gwatamala. Muna taya 'yan uwanmu murna. A wannan gefen iyaka kuwa, Najeriya ce ke ɗauke da kaso mafi girma na masu wannan cuta a duniya. Har gobe idan ka shiga wasu ƙauyukan kwarin kogin Hawal, ko yankin Gashaka da Bali a jihar Taraba, za ka ga dattijo yana tafe riƙe da sanda, yaro ƙarami yana jan ɗaya bakin. Jama'a kan tausaya wa dattijon, kuma ya cancanci tausayi. Yaron fa? Ƙarfe goma na safe ne, tsaransa suna aji, shi yana kan hanyar kasuwa yana jagora. Duk makaho ɗaya a ƙauye, akwai yaro ɗaya da aka cire daga makaranta. Wannan lissafin ne masu tsara mana ayyukan raya karkara suka ƙi yi.

Cutar ba ɓoyayya ba ce. Wani ɗan baƙin ƙuda ne ke yaɗa ta, wanda ke hayayyafa a inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu. In ya ciji mutum sai ya bar masa ƙwayar tsutsa. Tsutsar ta girma ƙarƙashin fata ta yi ƙullutu, ta dinga haihuwa, 'ya'yanta su bazu cikin jiki. Da farko ƙaiƙayi ne mai hana barci, sai fatar ƙwauri ta yi dabbare-dabbare, daga ƙarshe su isa ido su kashe shi. Kuma wa ƙudan ke cizo? Mai noman fadama, masunci, mace mai wanki a bakin ruwa. Wato ƙasar da ta fi albarka ita ce ta fi haɗari. Shi ya sa a da mutane suka riƙa barin gonakinsu na bakin kogi suna komawa tudu mai tsakuwa. Shirin yaƙi da cutar da aka fara a Yammacin Afirka a 1974, wanda Nijar ke ciki tun farko, ya buɗe wa manoma kimanin hekta miliyan 25 da aka guje wa.

Magani kuwa yana nan, kuma kyauta ne. Tun 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin bayar da ƙwayar Mectizan ga duk mai buƙata har sai an daina buƙata. Ba a neman likita kafin a ba da ita: a tsayar da mutum jikin sandar awo, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha. Sai dai maganin 'ya'yan tsutsar yake kashewa, uwar tana iya kaiwa shekara 15 a jiki. Saboda haka dole a sha duk shekara, gari gaba ɗaya, ba fashi, har uwar ta mutu don kanta. Shekara ɗaya aka tsallake, an mayar da hannun agogo baya.

To wa ke wannan rabo? Mutanen ƙauyen ne da kansu, waɗanda jama'a suka zaɓa, tsarin da ya kafu bayan 1995. Su ne ke bin gida-gida da rajista da sandar awo, su bar gonarsu, su ƙetare rafi, yawanci ba ko sisi. Kamfanin waje ya ba da magani kyauta shekara da shekaru, ƙungiyoyin waje sun biya kuɗin horo da na mota, mu kuma abin da ya rage mana, ɗan alawus na mai rabo da man babur, shi ne ya gagare mu. Yanzu da Amurka ta datse tallafinta na waje a 2025, wa muke jira?

Za a ce kogunan Nijar ba su kai namu yawa ba. Gaskiya ne, ba su kai ba. Amma jihohin Filato da Nasarawa a Najeriya suke, kuma an katse yaɗuwar cutar a can har aka dakatar da rabon magani. Da Mectizan ɗin nan aka yi, da irin masu rabon nan. Wasu kuma za su ce makanta ƙaddara ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa mana cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Maganin ya iso har ƙofar gida, kada wani ya fake da ƙaddara.

Ba kuma makantar kogi kaɗai ke ɗaura wa yara sanda ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Yanar ido ita kaɗai ta ɗauki kashi 43. Yanar ido, jama'a! Aikin da ƙwararre ke gamawa cikin ƙasa da rabin awa, washegari a cire bandeji mutum ya ga jikokinsa. Amma ƙwararren yana Kaduna a Cibiyar Ido ta Ƙasa, ko a Kano, ko a babban birnin jiha. Manomin da damina ta yanke wa hanya, wanda sai ya hau kwale-kwale kafin ya samu babur, kafin ya samu mota, ina zai ga kuɗin zuwa da na ɗan rakiya? Sai ya miƙa idonsa ga mai yawo ƙauye-ƙauye yana tura yanar ido da tsinke. Wannan binciken ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yanar ido, ta wannan hanyar aka taɓa su, kuma akasarinsu sun ci gaba da zama a makance. An sayar da akuya, ido bai dawo ba, yaro ya koma bakin sanda.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake raba abin gida biyu. Ma'aikatar ilimi ta gina aji uku, ta shafa fenti, a yanke kintinkiri. Ma'aikatar lafiya tana can da nata lissafin. In zaɓe ya matso, sai ga aikin ido kyauta na kwana biyu a hedikwatar ƙaramar hukuma, a raba tabarau, a ɗauki hoto, a watse. Wa zai duba wanda aka yi wa aiki bayan mako shida? Wa ya je ya ɗauko tsohuwar da ke hayin kogi? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole. Ta yaya za ka tilasta wa yaro zuwa makaranta alhali in ya tafi, kakansa ba zai iya zuwa ko bayan gida ba? Aji yana nan, benci yana nan, mai zama a kai yana jan sanda.

Akwai ma yaran da ke cikin ajin amma ba sa ganin allo. Ana kiransu daƙiƙai, ana zane su, har su gaji su gudu. Takardar gwajin gani da za a manna a bango, a tsayar da yaro a tazarar mita shida, malamin firamare zai iya koyon amfani da ita cikin yini ɗaya.

Ban raina matsalar tsaro ba. Akwai ƙauyuka a yankin Birnin Gwari da wasu sassan Zamfara da ma'aikacin lafiya ba zai shiga ba sai ya sayar da ransa, kuma ba zan ce wa kowa ya je ya mutu ba. Amma ƙauyukan da ke zaune lafiya fa, mene ne uzurinmu a kansu?

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa masu kuɗin ayyukan mazaɓu: ku sa alawus na masu rabon Mectizan cikin kasafi, a biya su a kan lokaci. A horar da ma'aikacin kowane ƙaramin asibiti ya iya gane yanar ido ya tura mai ita gaba. A kawo likitan ido babban asibitin yanki a kan tsari, da rani lokacin da hanya ke biyuwa, a kuma tanadi motar ɗauko marasa lafiya da mayar da su. Ranku ya daɗe, hakimai da dagatai, ku sa masu unguwa su ƙirga makafin garuruwanku, kuma a gefen sunan kowane makaho a rubuta sunan yaron da ke yi masa jagora da ajin da ya kamata a ce yana ciki. A kai kwafi ɗaya ga sakataren ilimi, ɗaya ga shugaban sashen lafiya, kafin a shiga sabon zangon karatu.