Daga Ƙofar Aji Zuwa Dutsen Dala: Koya wa Yaran Firamare Labarin Ƙasa da Tarihin Garinsu

Lacca ce da aka gabatar wa malaman firamare a birnin Kano, aka rubuto ta daga naɗin murya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban wannan zama, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ce in yi magana a kan koyar da labarin ƙasa da tarihi a firamare. Zan tsaya a Kano, domin nan muke koyarwa, kuma ƙasar nan yaranmu suke takawa kullum. Wanda ya zo daga Gaya ko Rano ko Bichi, sai ya ɗauki abin da na faɗa ya gwada shi da garinsu.

Kun san an cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantun Najeriya tun shekarar karatu ta 2009/2010, ɗan abin da ya rage aka cusa shi cikin darasin zamantakewa. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da shi, ta ce za ta horar da malamai 3,700, wato ɗari daga kowace jiha da Abuja. To Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta. Ku raba ɗari gida 44, ko uku-uku ba su kai ba. Ke nan aikin a wuyanmu yake. Da yawa daga cikin matasan malaman da nake gani a nan, kuna ɗalibai aka cire darasin, ba a koya muku ba, ga shi yau an ce ku koyar. Ba laifinku ba ne, amma sai mun tashi tsaye.

Abin da ya fi damuna shi ne, za ka shiga aji biyar ka tarar yara suna rera sunayen nahiyoyi bakwai ba gargada, suna jero jihohi 36 da manyan biranensu. Ka tambayi ɗaya, ruwan da ake zubarwa a kwatar gidanku ina yake tafiya? Shiru. Ka ce makarantar nan gabas take da gidanku ko yamma? Sai kallon-kallo. Mun fara musu daga nesa, mun bar abin da yake gaban idonsu. Ni a ganina juya abin za mu yi. A fara da aji, a fita unguwa, a kewaya gari, sannan a kai ga jiha da ƙasa da duniya. Kuma kada a raba labarin ƙasa da tarihi a wannan mataki, domin tambaya ɗaya suke amsawa: me ya sa mutane suka zauna a nan, kuma da me suka rayu?

Darasin farko ba ya buƙatar ko kwabo. Yaronmu ya zo makaranta da ilimin da bai san yana da shi ba, tunda ya san alƙibla, ya san inda rana take fitowa. Ki fitar da su filin makaranta da safe, Malama, ki kafa sanda a ƙasa, yaro ɗaya ya ajiye tsakuwa a bakin inuwarta. Lokacin tara a dawo a sake ajiye wata, kafin tashi a sake. Su da kansu za su ga inuwar safe doguwa ce ta miƙe yamma, ta tsakar rana ta gajarce ta dawo gindin sanda. Daga nan sai ki ja layi biyu a ƙasa, gabas da yamma, kudu da arewa. Sannan ki ce a zana makarantar a kan rairayi. Gwangwanin madara ya zama ofishin hedimasta, marfin kwalba ya zama rijiya, kara ya zama katanga. Za ki ji gardama ta kaure: wannan ya ce bayi yana bayan aji uku, wancan ya ce a'a, gefen bishiyar maina yake. Kada ki tsawata. Wannan gardamar ita ce darasin. Ki tura biyu su je su duba, su ƙirga takunsu, su dawo su gyara. Yaron da ya yi wannan da hannunsa, ranar da kika rataya masa taswirar Najeriya a allo ya riga ya san cewa taswira wuri ne da aka kalla daga sama aka ƙanƙantar.

Bayan wannan sai a bi ruwa. A nan nake so in ɗan daɗe, domin babu abin da ke buɗe wa yaro labarin ƙasa kamar ruwa. Da damina, washegarin ruwan sama, a fita a duba inda ya bi. Ina ya kwanta, ina ya zaizaye ƙasa, ina ya tara shara? Ka ga an koyi tudu da kwari ba tare da an rubuta ma'anarsu a allo ba. Yaran cikin birni su san cewa yawancin ruwan lungunansu Jakara yake gangarawa, ita kuma ta fice ta arewa maso gabas ta zuba a madatsar Wasai. Su san mene ne kududdufi. Kakanninmu sun haƙi ƙasa sun yi tubali, sun gina gidaje da badala, wato ganuwar birni, ramukan da suka bari suka zama matattarar ruwan sama. Yau an cike da yawansu an yi gini a kai, ruwa kuma ba ya mance hanyarsa, sai ya shigo ɗaki. Yaron da ya kwana yana kwalfar ruwa a watan Agusta ya cancanci malaminsa ya gaya masa dalili.

A aji biyar da shida sai a faɗaɗa. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa a kudu da birni, su zama Kogin Haɗeja. Ya ratsa Jigawa, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are, daga can ya zama Kogin Yobe, wanda ke bin iyakar Najeriya da Nijar har Tafkin Chadi. Ka ga da kogi ɗaya ka fitar da yaro daga Tamburawa ka kai shi tafkin da ƙasashe huɗu suka kewaye, Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. A kan hanya ka tsaya a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, aikin da aka fara zamanin Gwamna Audu Baƙo, da ta Challawa da ke Ƙaraye ta 1992. Ka tambaye su, tumatirin da ake miya da shi da rani daga ina yake zuwa, alhali ba a ruwan sama? Daga nan ka kai su Kadawa da Kura da Bunkure. Amma ka gaya musu ɗaya gefen ma: tun da aka tare ruwan, yadda yake malala a fadamun Haɗeja ya canja, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyinsa, masunta da manoman can sun ji a jikinsu. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya yana iya gane cewa abin da na sama ya yi da ruwa yana shafar na ƙasa.

Lokutan shekara ba sai na ja ba. Damina, kaka, hunturu, bazara, duk sun san su. A yanke gorar ruwa a ajiye a fili, a riƙa auna ruwan sama da rula ana rubutawa a bango. A nuna musu gawo, itacen da yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, a tambaye su me ya sa manomi ba ya sare shi a gona.

To yanzu mu hau Dala. Duk malamin da makarantarsa take kusa, don Allah ya kai yaransa ko sau ɗaya. Idan kun hau, kada ka fara da jawabi. Ka bar su su kalla. Ga Goron Dutse ta yamma, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga rufin gidaje iya ganinka. Sai ka jefa tambayar: da ku ne mutanen farko, me zai sa ku zauna a nan? Za su ce tudu ne, ana hango abokin gaba. Za su ce akwai ruwa. Kai kuma ka ƙara musu da tama, dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Masu binciken kufai sun gano alamun narkar da ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Ƙarfe shi ne fartanya, shi ne mashi. Ka ga labarin ƙasa ya haifi tarihi a gaban idonsu.

Daga nan labari ya miƙe. Littafin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci ya fara lissafin sarakuna da Bagauda, wanda masana suka ƙiyasta zamaninsa daga 999. Ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwa, Wangarawa suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, sannan Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ganuwa, ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau, ya kafa Kasuwar Kurmi, a zamaninsa kuma Shehu Magili ya sauka Kano. Sai jihadi a farkon ƙarni na 19, sai shigowar Turawa a Fabrairun 1903, sai isowar layin dogo a 1911 wanda ya haifar da dalar gyaɗa, sai kafa Jihar Kano a 1967. Waɗannan shekarun sun ishi ɗan firamare. Ban yarda da tilasta wa yaro haddace sunayen sarakuna gaba ɗaya ba. Gara ya san abu shida da dalilinsu.

Ku kula da wata tambaya da yara kan yi: me ya sa aka kewaye fili mai yawa haka da ganuwa? Domin an bar gonaki a ciki, idan yaƙi ya tsare mutane su sami abin ci. Ƙofofin kuma hanyoyi ne. A zana da'ira a ƙasa, a jera su, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai, Ƙofar Mazugal, Ƙofar Ruwa, Kansakali, Kabuga, Na'isa, Ɗan Agundi da sauransu, kowane yaro ya tsaya a wadda ta fi kusa da gidansu ya faɗi inda titinta ya nufa. Sunayen unguwanni ma shaida ne. Agadasawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi, duk suna gaya maka cewa baƙi ne suka haɗu da 'yan gari aka yi Kano. Wannan yana da muhimmanci idan a ajinka akwai yaron da iyayensa suka zo daga kudu suke zaune a Sabon Gari. Shi ma tarihin garin nan nasa ne, kada ya ji kamar labarin wasu ake bayarwa.

Na san abin da ke ranku. Aji ya haura yara ɗari, babu mota, babu kuɗi, iyaye kuma ba sa son a yi nisa da 'ya'yansu. Gaskiya ne. Wanda zai iya kai su Gidan Makama ko marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake tsoma zane a baba, ya nemi izinin hedimasta da na iyaye, ya raba su rukuni-rukuni. Wanda ba zai iya ba, ya kawo tarihin cikin aji a aljihunsa. Goro ɗaya, ɗan gutsuren kanwa, wuri biyu irin na kuɗin da, tsohon rawani mai shuni. Ka ɗaga goron ka ce, wa ya taɓa ganin bishiyarsa a Kano? Babu. To ya aka yi ba a ɗaurin aure ko suna sai da shi? Sai ka ba su labarin fatake da ayarin jakuna da suke tafiyar watanni zuwa Gwanja, kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yau, su kai tufafi da kanwa su ɗauko goro, da yadda wasunsu suka zauna can, har yau ana jin Hausa a zangon Kumasi. Darasi guda ya haɗa ciniki da yanayi da hanya da zumunci.

Sai babban ɗakin karatun da muke da shi kyauta, wato tsofaffi. A ba kowane yaro tambaya uku ya kai wa kakarsa ko kakansa: a ina aka haife ku, me ke wurin nan da gidanmu yake kafin a gina shi, daga ina kuke ɗebo ruwa kuna yara? Ina jaddada kaka mace, domin abin da ta sani na kaɗi da daka da auratayya da shekarun yunwa ba kasafai ake samunsa a littafi ba. A gayyato mai unguwa ko wani dattijon maƙeri ya zauna da aji rabin awa. Amsoshin za su saɓa wa juna, kada wannan ya firgita ka. A nan ne za ka koya musu tambayar da ta fi kowace amfani a tarihi: wa ya faɗa, shi ya gani da idonsa ko ji ya yi? Labarin Barbushe na Dutsen Dala da abar bautarsa Tsumburbura a ba su shi yadda aka gada, a ce musu haka magabata suka ruwaito. Badala kuwa ga ta nan, ana iya dafa ta. Yaro ya san bambancin biyun tun yana ƙarami. Idan kuma labari ya zo kan bauta ko yaƙin basasar Kano na 1893, a faɗa da hikima, kada a kama sunan gidan kowa, domin jikokin kowane ɓangare suna zaune a benci ɗaya.

Maganar badala ta sa dole in faɗi abin da ke ci mini rai. Tun 2007 ganuwar Kano take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, amma kowa a nan ya ga yadda ake cin ta, nan an yi shago, can an kwashe ƙasa, can an mai da ita juji. Masu yin haka yawancinsu sun zauna a aji irin namu, ba wanda ya taɓa kai su gindinta ya ce musu ga abin da kakanninku suka gina da hannu da kwando.

Game da jarrabawa, a rage tambayar cike gurbi. A ce yaro ya zana hanyarsa daga gida zuwa makaranta, ya nuna arewa, ya sa alama a inda ruwa yake kwanciya, ya rubuta layi biyar na abin da kakarsa ta gaya masa.

Roƙona shi ne, a makon nan mai kamawa kowa ya fitar da ajinsa fili a kafa sandar nan, a yi taswirar makaranta a ƙasa, a kwafe ta a takarda. A zamanmu na gaba kowa ya zo da ta ajinsa mu baje su mu gani. Shugaba ya yi mini alama lokaci ya yi, sai mu shiga tambayoyi. Na gode, Allah ya saka da alheri. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.