Yadda Iska Ke Zama Dutse a Ƙarƙashin Ƙasa

[Hoto: kasuwar Mile 12 da sassafe, ana sauke kwandunan tumatir]

Wani bidiyo ya zagaya wayoyinmu a Legas, daga Mile 12 har Agege, wai Turawa na binne hayaƙi, wato iskar kabon, a ƙarƙashin ƙasa. Wani dattijo mai sayar da albasa ya tare ni ya ce, "Yaro, in ta fashe fa, kamar tukunyar gas?" Tsoronsa na da tushe. A 1986 iskar kabon ta taso daga tafkin Nyos na Kamaru, ta hallaka mutum kusan 1,700.

To amma Baba, a ƙasar Aisilan da ke Turai, inda ake wannan aiki, ba a matsayin iska ake tura ta ba. Nan ne mutane ke ɓata hanya.

[Hoto: ana buɗe kwalbar lemo, kumfa na tashi]

Kalli lemon nan. Kafin a cire murfi ba ka ganin kumfa, domin iskar ta narke cikin ruwa. Haka wani kamfani mai suna Carbfix ke yi a tashar lantarki ta Hellisheidi da ke Aisilan: a narkar da iskar kabon cikin ruwa, wajen tan 25 na ruwa ga tan 1 na iska, a tura shi ƙasa. Ruwan nan ya fi na ƙasa nauyi, don haka nutsewa yake, ba ya neman hanyar sama.

Kuma yana da ɗan tsami. Da ya ratsa ƙofofin basalt, baƙin dutsen da aman wuta ya bari, sai ya riƙa cin dutsen a hankali, yana fito da sinadaran kalsiyam, magniziyam da ƙarfe. Su kuma su kama kabon ɗin, su daskare tare.

[Hoto: guntun baƙin dutse mai fararen ɗigo-ɗigo]

Waɗannan fararen, kamar alli, su ne hayaƙin jiya.

An fara turawa a 2012. Masana da ɗaliban digirin digirgir na Jami'ar Aisilan suka yi ta ɗibar ruwa daga rijiyar gwaji suna aunawa. Wurin da ya fi burge ni shi ne da famfon rijiyar ya tsaya cak. Da aka ciro shi, sai ga farin dutsen ya lulluɓe shi. A 2016 aka fitar da sakamako: sama da kashi 95 cikin 100 na iskar da aka tura ya zama dutse cikin ƙasa da shekara 2.

[Hoto: tekun Legas, sannan tsaunukan Biu]

Legas kan yashi da laka take zaune, basalt ɗinmu yana can Biu da Filato, inda ruwa ke da tsada. Shi ya sa nake bibiyar gwajin da Carbfix ke yi da ruwan teku. Ina son in ga ɗalibanmu na Maiduguri da Jos sun fasa dutsen Biu sun auna mana yawan kabon da zai iya sha.